Gardamar Baba da Surukinsa

Daga Allah muka zo, kuma Baba ya riga mu komawa gare Shi. Ya cika da hantsi a gidansa na Lokuwa, aka yi masa sutura bayan azahar, kuma kafin maza su dawo daga maƙabarta layinmu ya cika maƙil, har masu keke suka koma sauke mutane a bakin titi.

Ni ce 'yarsa ta biyu, wadda yake kira Mamana saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Ina zaune kusa da Dada, mahaifiyarmu, muna karɓar gaisuwa, kuma ko a cikin kuka ban bar halina na sa ido ba. Abin da na fara lura da shi, bibbiyu mutane suke shigowa. Wata mai zanen zumuntar matan coci ta shigo riƙe da hannun wata mai dogon hijabi, suka durƙusa tare. Mai zanen ce ta yi magana, da irin Hausarmu ta Mubi da ba ruwanta da mace ko namiji.

"Mama, sai haƙuri. Farfesa ne ya haɗa ni da wannan mata tun muna shekarar farko. Ya ce in bi shi gidansu a Digil, ni kuma ina jin tsoro. Yanzu ko haihuwa zan yi, shi ne yake zama da ni a asibiti."

Dada ta yi musu godiya. Da suka fita ta tambaye ni su waye, na ce 'yan rakiya ne. Ta gyaɗa kai, don ta sha dafa wa irinsu abinci.

Manyan jami'a kuwa ƙungiya biyu suka zo, kowace da lokacinta, kamar yadda suka saba. Na farko suka tsaya a bakin ƙofa suka ce Baba nasu ne, ɗan gari ne gaba da baya. Na biyu suka ce ai kowa ya san kakarsa daga duwatsun Michika ta sauko, saboda haka nasu ne. Dada ta bari sai da suka tafi sannan ta ce, can ƙasa-ƙasa, da yana da rai ba wanda ya yi rububinsa haka. Saura kaɗan in yi dariya, na tuna inda nake.

Ƙanena ya ce a waje kuma maigidana ake ta satar kallo. Yana zaune a ƙarshen tabarma, bai ce wa kowa uffan ba. Duk jami'a an san shi ya shugabanci kwamitin da ya soke rakiyar Baba, don haka wasu suka ɗauka kunyar abin da ya yi ce ta rufe masa baki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ba na so a manta da Baba, ba na kuma so a tuna shi a matsayin tsohon da surukinsa ya kayar ya mutu da baƙin ciki. Ni na tsaya a tsakaninsu shekara da shekaru, na san yadda abin ya ƙare.

Baba farfesan tarihi ne, amma abin da ya riƙe da hannu biyu shi ne darasin gama-gari, wanda ake tilasta wa kowane ɗalibi a shekarar farko, ko akanta zai zama ko malamin gona. Darasi ne da manya ke gudu, su jibga wa ƙananan malamai, ɗalibai kuma suna kiransa kwas ɗin ɓata lokaci. Shi da kansa ya roƙa a ba shi. Abokansa suka ce ya zubar da girmansa, ya ce a nan ne kaɗai yake ganin jami'ar gaba ɗaya a ɗaki ɗaya. A ra'ayinsa sana'a ko a garejin bakin kasuwa ana koyonta. Abin da jami'a ke iya yi wa yaro, wanda gida ba ya yi, shi ne ta zaunar da shi kusa da wanda ba su yi kama ba, ta sa ya faɗi abin da ke ransa, a ce masa bai yi daidai ba, ya ji zafin, gobe kuma ya dawo ya zauna a wurin.

Daga nan rakiya ta fito. In semista ta yi nisa sai ya haɗa ɗalibai bibbiyu, maza da maza, mata da mata, kuma ya tabbata harshensu na gida ba ɗaya ba ne, in da hali wurin ibadarsu ma daban. Kowa zai raka ɗan'uwansa gida a ƙarshen mako, ya ci abin da ake ci, ya bi su gona in damina ce. In sun dawo, baƙon ne zai tashi a aji ya ba da labarin gidan da ya je: yadda ake gaida manya, abin da ake nomawa, wanda ke raba faɗa in an yi. Mai gidan yana zaune yana gyara masa. Waɗanda garinsu ke da nisa gidanmu ake kawowa, shi ya sa tukunyar Dada ba ta taɓa sanin adadin masu cinta ba. Kafin ya tura 'yar kowa ko'ina kuma, sai ya fara zuwa gidan da ƙafarsa ya gaida iyayen.

Mutum ne mai tafiyar ƙasa. Daga Lokuwa zuwa jami'a a ƙafa yake zuwa, aljihunsa cike da gyaɗa, yana ɓarewa yana miƙa wa duk wanda ya jera da shi. In aka tsaya za a rage masa hanya sai ya ce yana cikin tunani ne, mota za ta katse masa. Ba ya fita sai ya sha kunun gyaɗa mai tsami. Tambayarsa kuma guda ce, kuma ba wanda ya tsira daga gare ta: me ya sa ka ce haka? Ya yi wa shugabannin jami'a ita, ya yi wa jikokinsa. Ya taɓa yi wa mahauci ita don ya ce namansa ya fi na kowa, suka tsaya ana ta bayani har rana ta yi zafi, tun daga ranar Dada ta hana shi zuwa cefane.

Siyasar jami'a ce bai taɓa iyawa ba, ko in ce ya ƙi iyawa. A wurinmu duk zaɓen da za a yi, na shugaban tsangaya ne ko na ƙungiyar malamai, kafin a tambayi abin da mutum ya sani an riga an tambayi daga ina ya fito. 'Yan gari gefe guda, 'yan dutse gefe guda. Wata shekara kowane ɓangare ya ga in ya tsayar da Baba zai ci, don yana da jini a ko'ina. Kowanne ya aiko a ɓoye yana neman lokacin ganinsa. Ya ba su lokaci ɗaya, bayan la'asar, ya sa aka shimfiɗa tabarma ɗaya a gindin mangwaron tsakar gida. Ina leƙe ta taga lokacin da ƙungiya ta biyu ta yi sallama ta tarar da ta farko a zaune. Ban taɓa ganin manyan mutane sun rasa inda za su sa idonsu kamar ranar ba. Baba ya zuba musu gyaɗa a faranti, ya ce tunda duk abu ɗaya ya kawo su, kowa ya faɗi a gaban ɗan'uwansa abin da yake tsoron ɗayan zai yi in ya hau. Aka sha ruwa, aka yi hirar damina, aka watse. Ba wanda ya sake neman sa da takara.

Bappa, ƙanensa, ya yi fushi sosai. Ya ce Baba ya yi wasa da rabon zuri'a gaba ɗaya, kujera ta zo har gida ya kore ta da gyaɗa. Baba ya tambaye shi me ya sa ya ce haka, abin da ya ƙara tunzura shi ke nan. Damina guda bai taka gidanmu ba. Da kaka sai ga shi da ɗaurin rake a bayan babur, ya jingine a zaure, suka zauna suna sha kamar ba a yi komai ba.

Maigidana ɗalibinsa ne tun kafin ya zama surukinsa. Ɗan Sahuda ne, daga gidan da ba a wasa da kunyar surukai. Daga ranar da aka ɗaura mana aure bai sake kiran sunan Baba ba, bai sake haɗa ido da shi ba, bai ci ko ƙwayar gyaɗa a gabansa ba. In ya zo gaisuwa a bakin zaure yake tuɓe takalmi ya tsuguna, kai a ƙasa, duk abin da aka ce sai ya ce haka ne. A gida wannan abin yabo ne, Dada har alfahari take yi da shi. Matsalar ita ce shi ma ya zama malami a jami'ar, ya yi girma, har suka zauna tare da Baba a majalisar jami'a. Kuma bai yarda da rakiya ba.

Waɗanda ke shiga majalisar sun ce abin kallo ne. Maigidana zai tashi, ya juya wa ɓangaren da Baba yake ƙeya, ya ce akwai wasu manya da ke ganin kaza, amma da za a duba. Baba kuma zai tashi ya ce ya ji wasu yaran zamani na cewa kaza. Kowa ya san su waye, kowa na danne dariya. In Baba ya juyo ya tambaye shi kai tsaye, sai ya sunkuyar da kai ya ce Farfesa ya fi shi sani, ya zauna.

To gardamar da ba a yi a can ba, a kaina take saukowa. Maigidana zai dawo gida ya cika ni da hujjoji: hanyoyin ƙauye ba kamar da ba ne, ɗalibai sun yi yawa, in wani abu ya sami ɗan mutane wa zai amsa, ga darussan sana'arsu na jiran lokaci. Ya san sarai ranar Juma'a zan je Lokuwa. In na je Baba zai bari in sha ruwa, sannan ya ce, to Mamana, me ake cewa a gidanku? In faɗa masa. Ya ce in tuna wa mai maganar shekarar da rikici ya sa aka watse daga garin nan, ɗalibai nawa ne suka sami mafaka a ƙauyukan abokan rakiyarsu, a gidajen da ba don rakiya ba ko hanyarsu ba su sani ba. In kai wannan gida. Maigidana ya ce ai wannan shekarar ita ce babbar hujjarsa shi ma. In sake ɗauka in mayar. Ni malamar sakandare ce, ina da nawa ajin da nawa ciwon kan, amma na zama keken haya tsakanin maza biyu masu digiri. Wani lokaci don haushi nakan ƙara gishiri, in ga ko wani zai fusata ya je ya sami ɗayan. Ba wanda ya taɓa zuwa.

Da aka naɗa maigidana shugaban kwamitin gyaran darussa, kowa ya san inda za a. Aka bar darasin gama-gari a wurinsa, amma aka mayar da jarrabawarsa ta kwamfuta, aka soke rakiya. Ranar da aka kawo maganar majalisa, Baba ya yi jawabi mai tsawo. Aka tafa masa, wasu har suka miƙe tsaye, kowa ya ce Farfesa ya yi gaskiya. Sannan aka ɗaga hannu aka kayar da shi.

Na je gida ina tsoron abin da zan tarar. Na same shi a gindin mangwaro yana ɓare gyaɗa, ba alamar fushi. Ya ce jami'a tana da ikon soke abin da ta ga dama, shi ma ya soke na wasu a zamaninsa. Abu ɗaya ne ya tsaya masa.

"Ba wanda ya yi gardama da ni, Mamana. Da ladabi suka binne ni. Yaron nan yana da hujja, na sani, don ina jin ƙamshinta a bakinki. Ina so in ji ta daga bakinsa, yana kallona, kafin in mutu."

Na ɗauka maganar tsufa ce. Amma da ciwon zuciya ya kwantar da shi, ƙafafunsa suka kumbura, tafiyar ƙasa ta gagara, sai maganar ta hana ni sukuni. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa 'ya'yan mutane su faɗa wa juna gaskiya ido da ido zai tafi bai samu haka a cikin gidansa ba. Na gaya wa maigidana. Ya ce in nemi wani abu dai, wannan ba tarbiyyar da aka yi masa ba ce, yaya zai buɗe baki ya musa wa mahaifin matarsa, kuma yana kwance ba lafiya. Na ce ai kuwa ya daɗe yana musa masa, da bakina yake yi, kuma daga yau bakin ya yi ritaya. Na faɗi wasu maganganun ma da ba sai na rubuta ba. Dada da ta ji labari ni ta ba rashin gaskiya, ta ce ina so in lalata yaro mai kunya.

Wata Asabar bayan la'asar ina gidan, mun fito da Baba gindin mangwaro ya sha iska, sai muka ji sallama. Maigidana ne. Ya tuɓe takalmi a zaure kamar kullum, amma bai tsuguna a can ba. Ya tako har bakin tabarmar, ya zauna a kanta. Bayan gaisuwa ya yi gyaran murya, idonsa a kan yatsun ƙafarsa, ya fara cewa akwai wasu manya da ke ganin...

"Wasu manyan nan ni ne," in ji Baba. "Ga ni. Ɗago ka faɗa mini."

Ya ɗago. Da farko yana kawo maganar hanya da yawan ɗalibai, Baba yana ture su ɗaya bayan ɗaya, don ya riga ya san su ta bakina. Can sai na ga maigidana ya gyara zama, ya faɗi abin da ni ma bai taɓa gaya mini ba.

"Baba, rakiya ba darasin jami'a ba ce, darasinka ne. Duk gidan da yaran nan suka shiga, albarkacin fuskarka suka ci. Kai kake zuwa ka gaida iyaye, kai ake jin nauyi. Shekara nawa kana yi, wa ka koya wa? Wa ka taɓa ɗauka ya raka ka? Ka ƙi 'yan gari, ka ƙi 'yan dutse, ka yi daidai, amma ka zauna kai kaɗai kana jin daɗin kaɗaicin. Ba ni na kashe rakiya ba. Ko da an bar ta, ranar da ƙafarka ta daina tafiya za ta mutu."

Dada, da ke laɓe a bakin madafa, ta dafe ƙirji. Baba ya ƙura masa ido. Sai kawai ya fashe da dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun kafin ciwon, har tari ya sarƙe shi na miƙa masa ruwa. Ya ce wannan kam an kama shi, kuma an kama shi da kyau. Amma fa bai sallama ba. Ya ce in gini ya dogara da ginshiƙi ɗaya ƙara masa ginshiƙai ake yi, me ya sa kwamiti ya zaɓi rushewa? Maigidana ya ce wa zai yarda ya zama ginshiƙin, alhali ba a ƙarin girma da darasin gama-gari? Suka shiga ciki sosai, murya na tashi, hannu na yawo, har na ji maigidana ya ce wa Baba, a'a, ba haka ba ne. Na koma gefe na zauna. Daɗi ya cika ni har na rasa abin yi da hannuwana.

Da aka yi kiran magariba ba wanda ya ci wani. Baba ya ce a kawo tuwo, kuma a kwano ɗaya. Dada ta ce ita dai ba da hannunta ba, don haka ni na kai. Maigidana ya kalli kwanon, ya kalle ni, ya wanke hannu. Bai ci da yawa ba, amma ya ci.

Bayan ya tafi Baba ya jingina da filo yana murmushi shi kaɗai. Ya ce ya aurar da ni gidan da ya dace, yaron bai yarda da shi ba ko kaɗan. Kwanakin da suka biyo baya sun fi duk na jinyarsa sauƙi. Ya ci abinci, ya tsokani Dada, ya sa aka kira masa wasu ƙananan malamai biyu ya yi ta yi musu tambayoyi. Ina jin sa yana magana shi kaɗai, yana shirya abin da zai faɗa.

Ana gobe zai rasu ya kira ni da safe, idonsa na ƙyalli, ya ce in gaya wa surukinsa ya dawo, ya samo amsarsa. Na isar da saƙon. Maigidana yana tsakiyar jarrabawar ɗalibai, ya ce gobe bayan la'asar yana nan tafe, shi ma da sauran magana a bakinsa. Allah bai nufa ba. Ubangiji Ya yafe wa Baba kurakuransa, Ya yalwata masa makwanci, Ya ba Dada da mu juriyar rashinsa.

Sai da aka tashi daga zaman makoki muka koma gida sannan maigidana ya yi mini maganar farko mai tsawo. Ya zauna a bakin gado, ya daɗe yana juya hularsa a hannu, sannan ya tambaye ni ko Baba ya gaya mini amsar.

Na ce na tambaye shi, har na roƙe shi.

"Me ya ce?"

"Ya ce ya daina aike. In kana so, ka zo da kanka."